Daga Kogin Bolga Zuwa Taba: Me Ke Cikin Mitfai?

Mai karatu, na san ka sha ganin wannan fitowar a finafinanmu har ka gaji. Saurayi ɗan gidan Alhaji ya zo zance, an sauke shi a falo, can sai ga budurwa ta fito da tire tana rangwaɗa. A kan tiren akwai lemon kwali da kofunan gilashi biyu, da faranti ɗauke da sambusa huɗu ko mitfai biyu. Ta durƙusa ta ajiye, ta ce masa bisimilla. Gogan naka ya ɗauki ɗaya ya ɗan gutsira, ya mayar, daga nan sai waƙa. Ni dai ban taɓa ganin fim ɗin da jarumi ya cinye abin da ke cikin farantin nan ba, domin darakta ya kawo shi ne kawai don ya shaida wa ɗan kallo cewa gidan nan akwai naira. In kuwa gidan talaka ake son nunawa, ka san sauran: tuwo da miyar kuka a kwanon samira, ko ƙwaryar fura a gindin bishiya.

Aikina sharhin fim ne, kuma da ma ban yi niyyar shiga kicin ba. Azumin da ya wuce ne ya ja ni. Na je gida Taba, a ƙaramar hukumar Kudan, na tarar da yayata ta duƙufa tun bayan azahar tana murza fulawa. Yaranta sun gani a fim, sun gani a gidan maƙwabta, sun ce su ma sambusa suke so a sha ruwa da ita. Na zauna ina lissafi a zuci. Ta sayi fulawa, ta sayi man gyaɗa kwalba guda, ta sayi nama rabin kilo, kuma da wannan rabin kilon ta naɗe sambusa arba'in. Don kuɗin su isa, ranar ba a yi ƙosai ba, ba a yi alale ba. Na ce, "Yaya, anya kuwa ba a yi asara ba?" Ta harare ni ta ce, "Kai da ba ka san kuɗin cefane ba, ina ruwanka?" Gaskiyarta. Amma tambayar ba ta bar ni ba, kuma binta da na yi ne ya kai ni ga wasu mutane da ban taɓa tunanin akwai abin da ya haɗa mu da su ba, wato Jamusawan Rasha.

Ga yadda labarinsu yake. A 1762 wata mata ta hau gadon sarautar Rasha, Sarauniya Katarina ta Biyu. Ita kanta Bajamushiya ce, aure ya kai ta can. Ta tarar da makeken fili a gefen Kogin Bolga, wajen garin Saratof, ƙasa mai kyau amma babu masu noma ta yadda take so. Sai a watan Yuli na 1763 ta fitar da sanarwa tana gayyatar baƙi su zo su zauna. Ta yi musu alkawarin gona kyauta, da 'yancin yin addininsu, da ɗauke musu haraji na shekaru masu yawa, kuma ba za a ɗauki 'ya'yansu aikin soja ba. A lokacin ƙasashen Jamus sun fito ke nan daga Yaƙin Shekara Bakwai, wanda aka yi daga 1756 zuwa 1763, talakawa sun tagayyara. Kusan mutum 30,000 suka tattara komatsansu suka kama hanya, kuma tsakanin 1764 da 1767 suka kafa ƙauyuka ɗari da 'yan kai a gaɓar kogin nan. Bayan su, a farkon ƙarni na 19, wasu ayarin suka sauka a yankin Bahar Aswad da tsibirin Kirimiya.

Wurin da suka tarar ba aljanna ba ce. Fili ne fetal babu itatuwa, har ta kai kashin shanu suke busarwa su yi makamashi da shi, kamar dai yadda ake yi a wasu ƙauyukanmu na Arewa can sama. Da rani zafi, da hunturu ƙanƙara ta rufe komai wata da watanni. Suka noma alkama, suka noma kabeji da kankana, suka yi kiwo. Yarensu da cocinsu suka riƙe gam, ba su cika auratayya da maƙwabta ba, amma ka san ciki ba ya ƙabilanci. Rashawa na da wani abinci da suke kira firog, kwaɓin fulawa da ake cusa wa nama ko kifi ko ganye a gasa. Matan Jamusawa suka gani suka ɗauka, suka yi nasu, suka kira shi birok. Masana harshe sun fi danganta sunan da firog ɗin Rashawa, wasu kuma da borek na Turkawa.

Yadda ake yin sa ba wani abin wahala ba ne. Kwaɓin biredi ne da yis, a bar shi ya tashi. A soya niƙaƙƙen naman sa da albasa, a zuba yankakken kabeji mai yawa, gishiri da masoro, a bar shi ya yi laushi. Sai a murza kwaɓin, a yanka murabba'i, a zuba haɗin a tsakiya, a tattaro kusurwoyin a liƙe, a gasa. Shi ke nan. Girmansa ya kai tafin hannun babban mutum. Ba a yi shi don baƙo ko don biki kaɗai ba. Gonakinsu na da nisa da gari, mutum ba zai dawo gida cin abincin rana ba, don haka ana bukatar abin da za a naɗe a tsumma a kai masa, ya ci da hannu ɗaya babu cokali babu kwano, ya kuma riƙe shi har faɗuwar rana. Biredi da nama da miya ne aka haɗa a ƙunshi guda.

To, bari mu yi lissafi, tunda a foliteknik an koya mini ko ba komai in auna abu kafin in yabe shi. Masana abinci sun ce kowane giram ɗaya na sitaci yana ba jiki kalori 4, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. Giram ɗaya na furotin, sinadarin da ke gina tsoka da jini, shi ma 4 ne. Amma giram ɗaya na mai ko kitse 9 ne, ya ninka su har da ɗori. Fulawa giram 100 tana da kalori wajen 360 da furotin wajen giram 10. Dafaffen naman sa giram 100 yana da furotin wajen giram 26. Yanzu ɗauki birok guda da aka yi da fulawa giram 60, nama giram 60, kabeji da albasa giram 50, da ɗan mai ƙaramin cokali. In ka tara, za ka samu kalori 400 da 'yan kai, da furotin sama da giram 20. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin wajen giram 50 a yini. Ka ga ke nan birok biyu sun kusa biya masa bukatar ranar gaba ɗaya.

Kuma ba yawan kaɗai ba ne abin dubawa. Furotin ɗin alkama gurgu ne, domin yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda jiki ba ya iya ƙera shi da kansa. Haka gero da dawa da masara suke. Nama na da shi da yawa, wake da madara ma haka. Idan aka haɗa hatsi da ɗaya daga cikinsu a ci lokaci guda, sai gurgun ya samu sanda. Nama kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, irin wanda hanji ya fi saurin tsotsa, da bitamin B12 wanda ba a samun sa a hatsi ko ganye. Shi kuwa kabeji, ɗanyensa giram 100 na da bitamin C wajen miligiram 36. Wuta na kashe wani ɓangare, amma abin da ya rage yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin alkamar, ga kuma harza da ke sa ciki ya yi aiki. Da hunturu, sa'ad da babu ɗanyen ganye ko ɗaya, kabejin da suka yanka suka jiƙa da gishiri a ganga ya yi tsami suke amfani da shi, kuma irin wannan kabejin ne Kyaftin Kuk na Ingila ya riƙa loda wa jiragensa a ƙarni na 18 don kare matuƙa daga ciwon zubar jinin dasashi. Matan Bolga ba su san sunan bitamin ba, don ba a ma gano shi ba sai a ƙarni na 20. Sun dai lura da abin da ke riƙe mazajensu a gona.

Kada ka ce na mayar da shi maganin kowace cuta. Farar fulawa ce, naman na iya zama mai kitse, kabeji mai tsami kuma gishiri ne tsagwaronsa. Wanda ke yini a bayan garma zai ƙone wannan duka kafin magariba. Wanda ke yini a kujerar ofis, labarinsa daban.

Alkawarin sarakuna kuwa, ka san halinsa. A 1871 Sarki Alekzanda na Biyu ya soke gatan da aka ba baƙin nan, a 1874 aka fara ɗaukar samarinsu soja. Nan fa dubbai suka sake ɗaure kaya. Wasu suka nufi Ajantina da Barazil, da yawa suka nufi tsakiyar Amurka, jihohin Kansas da Nebaraska da Kolorado da Dakota, inda suka sami fili fetal irin wanda suka baro. Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne aikin da da yawansu suka kama: ƙwadago a gonakin wani tushe mai kama da gwaza wanda ake tatsar sukari daga cikinsa. Miji da mata da yara a duƙe tun asuba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Kudan da Maƙarfi, ya ga yadda ake saran rake ana dafa mazarƙwaila, ya san irin yunwar da aikin sukari ke sa mutum. Birok ya bi su har can. A Nebaraska ana kiran sa runza, kuma a 1949 wata mata mai suna Sally Everett da ɗan'uwanta Alex Brening suka buɗe ɗan shagon sayar da shi a birnin Linkon. Shagon nan ne ya zama kamfanin Runza mai rassa sama da 80, har a filin ƙwallon jami'ar jihar ana sayar da shi.

Waɗanda suka zauna a Rasha su ne suka ga tasku. Yunwar 1921 zuwa 1922 ta kashe da yawansu. A 1924 gwamnatin Sobiyet ta ba su 'yar jamhuriyarsu, amma da Hitila ya auka wa ƙasar a 1941, sai Stalin ya sa aka fitar da doka a ranar 28 ga Agusta, aka kwashe su kaf, mutum sama da 400,000, aka loda a taragun jirgin ƙasa zuwa Saberiya da Kazakistan. Ƙauyukan da suka gina shekara 170 da wani abu suka koma hannun wasu. Wallahi in da ina da kuɗin shirya fim, wannan labari ne. Abincin ya fi ƙauyukan tsawon rai.

Akwai ɗan'uwan birok da ya kamata ka sani, don shi ne zai dawo da mu gida. Jamusawan da suka zauna a Kirimiya maƙwabtansu Tatar ne, Musulmi, masu wani abinci da ake kira caburek: fallen kwaɓi marar yis, a sa nama da albasa, a ninke kamar rabin wata, a tsoma a tafasasshen mai. Jamusawan suka ɗauka suka kira shi filaishkikila, wato ɗan wainar nama, kuma har yau ana cin sa a Dakota ta Arewa. Kusan kayan haɗi ɗaya ne da birok, sai dai babu kabeji, kuma suya ake yi maimakon gashi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Babban cokali ɗaya na mai, giram 14, kalori wajen 120 ne, kuma ba ya ɗauke da furotin ko ɗigo. Duk man da fallen ya sha, ƙari ne a kan ƙarfi ba tare da ƙari a kan gina jiki ba.

In ka kalli caburek da kyau, ai ka ga 'yar'uwar sambusarmu. Zuriya ɗaya ce babba, ta taso daga ƙasashen Farisa da Turkawa da Larabawa ta bazu. Sunan sambusa daga Farisanci yake, kuma malamin tarihi Abul Fadli Baihaƙi ya ambace ta tun a ƙarni na 11. Mutumin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne Ibn Baɗɗuɗa, ɗan Tanja ta Maroko, wanda aka haifa a 1304. Bawan Allahn nan ya taka Kirimiya, ya taka gaɓar Bolga ɗin nan shekara ɗari huɗu kafin Jamusawa su zo, ya wuce Indiya inda ya yi alƙalanci a Delhi zamanin Sarki Muhammadu bin Tuglak. A can ya bayyana sambusar da ake kawowa a teburin sarki: niƙaƙƙen nama da albasa da kayan ƙamshi da 'ya'yan itatuwa masu mai irin su almon, a naɗe cikin siririn falle a soya da man shanu. Kuma shi ɗin dai ne a 1353 ya zo Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir a littafinsa. Lura da abu ɗaya: tun a wancan zamani sambusa abincin fada ce, ana kawo ta kafin babban abinci. Ba a taɓa ɗora mata nauyin ciyar da manomi ba.

Mu 'yan kallon finafinan Indiya mun saba jin samosa a bakin jarumai, amma a bakin iyayenmu sambusa ce, kamar yadda ake faɗa a Makka da Jidda da Yaman da Somaliya, kuma kamar can, da azumi ta fi fitowa. Alhazai da 'yan'uwanmu mazauna Sudan da Hijaz ba tsaraba ta tufafi kaɗai suke kawowa ba. Ita kanta alkama, sunanta ya tona asirinta. Alkama, albasa, alkaki, alkubus, gurasa, duk kalmomin Larabci ne da suka zama namu. Fataken Larabawa da ke ƙetaro Sahara daga Gadamus da Tarabulus sun zauna a Kano tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau in ana maganar gurasa sai an ambaci Jakara. Alkama dai tana nan a ƙasar Hausa da daɗewa, ana noma ta kaɗan-kaɗan da rani a fadamu, amma ta kasance abincin sarakuna da attajirai da ranar biki. Funkaso da alkaki ba abincin kullum ba ne a gidan kakata. Sai an yi aure ko suna.

Farar fulawa ta buhu kuwa baƙuwa ce ta jiya-jiya. Babban kamfanin niƙa na Flour Mills ya fara aiki a Apapa a 1962, daga baya aka kafa na Arewa a Kano, kuma kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa biredi ya shiga kowane lungu. Mitfai kuwa gadon Ingilishi ne. Abin dariya, kakansa a can ma abincin leburori ne, irin wanda masu haƙar kuza a yankin Konwal ke shiga rami da shi. A nan sai ya zama na 'yan gayu, musamman bayan da Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986 ya bazu zuwa manyan garuruwa. Ni kaina ban taɓa ɗanɗana shi ba sai da na shiga makaranta a Zariya, kuma na tuna yadda na riƙe ledar a fili don a gani.

Ga inda labarin ya zagayo ya ciji wutsiyarsa. Cikin masu jin Jamusanci da suka bar Rasha a 1874 akwai wata ɗariƙar Kirista da ake kira Menonayit, daga kudancin ƙasar, inda take Yukiren a yau. Su ake danganta wa kawo wata jar alkama mai jure sanyi zuwa Kansas, kuma daga irinta ne aka samo jar alkamar da ta mayar da jihar rumbun Amurka. Nijeriya ta yi shekaru tana cikin manyan masu sayen wannan jar alkamar a duniya, daga baya kuma ta ƙara da sayen ta Rasha kanta. Sama da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take zuwa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987 don a noma ta a gida, a wurare irin su Kadawa, amma a 1992 aka janye hanin. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, mai shayi a Hunƙuyi ya ji a jikinsa. Wato fulawar da Yaya ta murza a Taba, ba mamaki jikanyar alkamar mutanen birok ce. Mun karɓi alkamarsu, dabarar ce ba ta iso mu ba.

Yanzu auna mitfai da ma'aunin da muka auna birok. Ɓawonsa ba kwaɓin biredi ba ne, kwaɓin bota ne, kuma ƙa'idar masu yin sa ita ce bota ta kai kusan rabin nauyin fulawa, don ya yi garas-garas. Fulawa giram 60 da bota giram 30 sun haura kalori 400 tun ba a sa komai a ciki ba, furotin kuwa giram 6 kacal. Ka gane? Ɓawon mitfai shi kaɗai ya kai birok sukutum ƙarfi, amma bai kai sulusinsa gina jiki ba. Saura abin da ke ciki. Ka sayi ɗaya a tasha ko a shago ka ɓare shi gida biyu ka duba da idonka. Sau da yawa dankalin Turawa ne da ɗan karas da romon fulawa, naman kuwa sai ka yi ta nema kamar mai neman allura. Sitaci ne aka cusa cikin sitaci aka lulluɓe da kitse. Ban ga laifin masu yi ba sosai, nama ya yi tsada kuma mai saye ba ya son a ƙara kuɗi. Amma sunan dai na nama ne.

Sambusar Yaya fa? Rabin kilo raba arba'in, kowace ta samu ɗanyen nama giram 12 da rabi, wato furotin wajen giram 2 da rabi. Yaro ya ci huɗu, ya samu giram 10 daga nama, ga mai da ya sha ya cika masa ciki ya hana shi cin tuwo. Da kuɗin fulawa da man nan wake aka saya, lissafin da ya sha bamban, don busasshen wake giram 100 na da furotin sama da giram 20, ga ƙarfe ga harza. Sannan akwai maganar man da ake maimaita suya da shi har ya yi baƙi, wanda zafi ke lalatawa, da kuma wani mugun kitse da ake samu a wasu nau'o'in bota na kamfani, mai toshe hanyoyin jini. Dokar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa ga gishiri ga dunƙule uku a haɗi guda. Don adalci, tun 2002 doka ta tilasta wa kamfanoni su ƙara wa fulawa bitamin A da wasu sinadarai. Amma wani ɓangare na wannan biyan bashi ne, domin injin da ya cire dusa da idon ƙwayar don fulawa ta yi fari shi ne ya tafi da mafi yawan amfaninta tun farko.

Za ka ce duk wannan surutu a kan abin taɓawa? Eh, saboda inda muke. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Ya kuma nuna cewa a lokacin kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. A gidan da yake haka, kowace naira ta cefane tana da aikin yi. Attajirin cikin fim zai iya gutsirar mitfai ya ajiye, kaza na jiran sa a tebur. Yaron Taba in ya ci sambusa huɗu, abincinsa ke nan na daren.

Abin haushin shi ne mu ma muna da namu birok ɗin, kuma shi ne wanda darakta ke ɗauka ya sa a hannun talaka don a tausaya masa. Mece ce fura da nono in ba hatsi da aka haɗa da abin da ke cike giɓinsa ba, a ƙwarya guda, a kai wa manomi gona? Dambun Zazzau da zogale da gyaɗa fa? Gurasa da ƙuli-ƙuli da tsire da yankakken kabeji da albasa da tumatir, ai birok ce da ba a rufe bakinta ba. Ko ƙosai a cikin biredi, wanda ɗalibai ke ci suna jin kunya, ya fi mitfai ɗin tasha gina jiki nesa ba kusa ba. Mu masu fim muna da hannu a wannan raini. Shekara da shekaru muna nuna wa yarinyar ƙauye cewa wayewa tana cikin tire, ita kuwa ƙasar da take takawa, daga Ikara mai tumatir zuwa Maƙarfi mai rake zuwa Kudan da yanzu har inabi take fitarwa, ta fi ƙarfin abin da ke kan tiren. Da rani albasa da tumatir da kabeji sukan yi arha a kasuwannin ƙasar Zazzau har manomi ya rasa yadda zai yi da su.

Bayan salla na koma Taba da fulawa mudu ɗaya da yis da nama rabin kilo, daidai abin da aka saya ranar nan, da ƙaton kabeji guda. Na ce, "Yaya, don Allah ki gwada mini wani abu." Ta ce, "Wato yanzu kai ne za ka koya mini girki?" Amma ta karɓa. Ba mu da obin, ba mu da tanderu irin na masu gurasa, sai ta zuba yashi a gindin babbar tukunya kamar yadda take gasa kek, ta ɗora faranti a kai, ta rufe, ta sa garwashi a murfin. Ta ƙi yarda da masoro kaɗai, ta daka attaruhu da citta ta zuba, ta ce ita ba za ta ci abincin marasa lafiya ba. Rabin kilon ya ba mu guda takwas manya. Na farko ya ƙone a gindi, na biyu ya fashe don mun cika shi da yawa, sauran shida suka fito jawur. Man da aka taɓa bai fi cokali uku ba, kwalbar tana nan kusan a cike.

Yaran suka ci ɗaya-ɗaya suka ce sun ƙoshi, ƙaramin ya ce wannan ai biredi ne mai ciki. Inna ta gutsira ta tauna a hankali, ta ce da ɗan romo a gefe da ya fi. Mijin Yaya bai ce komai ba, sai da safe na ga ya naɗe biyun da suka rage a leda ya ɗaure a bayan keke, ya nufi gonar rake.